Kwana huɗu a kan keke daga Cumberland zuwa Pittsburgh: yadda tafiyar take daki-daki

A gabashin Amurka akwai wata hanyar keke da ake kira Great Allegheny Passage, masu binta kuma GAP kawai suke cewa. Tsawonta kusan mil 150 ne, wato wajen kilomita 241, daga garin Cumberland na jihar Meriland zuwa birnin Pittsburgh na jihar Pensilbaniya. Tsohon layin dogo ne aka kwashe ƙarafansa, aka zuba niƙaƙƙen farin dutse aka daddaɓe, kuma a shekarar 2013 aka haɗe yankinta na ƙarshe. Mota ba ta bi, babur ba ya bi. Tana ratsa tsaunukan Allegheny ta cikin kurmi, tana bin gaɓar koguna. Na bi ta a ƙarshen watan Satumba, mu biyu, kuma abin da na fahimta shi ne tudu ba shi ne wahalar wannan hanya ba. Abin da ke ɓata wa mutane tafiya shi ne jeranta shirye-shirye ba bisa ƙa'ida ba, da kuma rashin sanin halin wannan farin dutse in ya sha ruwa.

Tambayar farko da na warware ita ce ta lokaci, kuma ba zaɓina ba ne, rami ne ke yanke hukunci. A mil na 22, in an ƙirga daga Cumberland, hanyar ta huda wani tsauni ta ramin da ake kira Big Savage, mai tsawon kusan kilomita ɗaya. Ana rufe ƙofofinsa duk hunturu, daga wajen farkon Disamba har zuwa wajen farkon Afrilu, don kada ƙanƙara ta farfasa bangonsa, kuma babu wata hanyar kewaye mai sauƙi ga mai keke da kaya. Ranar buɗewa da ta rufewa suna ɗan motsawa kowace shekara, don haka sai da na duba shafin masu kula da hanyar kafin na sa rana. A shafin nan ne kuma ake sanar da inda ƙasa ta zaftare ko bishiya ta faɗi. Babu kuɗin shiga, babu takardar izini, babu rajista. Ranar da ka ga dama ka hau.

Tambaya ta biyu ita ce yadda keke zai isa bakin hanya, tunda tafiyar ba da'ira ba ce. A nan na yi kuskuren da nake so in raba wasu da shi. Jirgin ƙasa na Amtrak yana bi tsakanin garuruwan biyu sau ɗaya a rana ta kowane ɓangare, yana kuma tsayawa a Connellsville. Na sayi tikitina ta intanet hankali kwance, sai daga baya na koma in ƙara keke, na tarar babu gurbi a ranar. Gurbin keke daban ake sayensa, dala 20 ne, kuma guraben 'yan kaɗan ne, suna ƙarewa tun kujerun mutane na nan birjik, musamman a ƙarshen mako cikin Satumba da Oktoba da ganye ke sauya launi. Dole na ɗage tafiyar da kwana biyu, na sake kiran masaukai uku ɗaya bayan ɗaya ina sauya rana. Tsarin da ya dace shi ne: a fara duba ranar da ke da gurbin keke, a biya shi tare da tikiti a zama ɗaya, sannan a nemi wurin kwana. Sharuɗɗan jirgin kuma a karanta su: nauyin keke kada ya wuce fam 50, kusan kilo 23, faɗin taya kada ya wuce inci 2. Mai keken hawan dutse da manyan tayoyi ya auna tun a gida. Wanda bai sami gurbi ba akwai masu motocin haya da ke jigilar mutane da kekuna tsakanin garuruwan hanyar, sai dai kuɗinsu ya ninka na jirgi sau da yawa, in ba ku da yawa kuka haɗa ba.

Sai batun keken kansa. Mako biyu kafin tafiya na kai shi wajen mai gyara, ba kwana biyu ba, don in wani abu ya ƙi zama a sami lokacin komawa. Na sa tayoyi masu faɗin milimita 40 masu ƙananan haƙora. Daga milimita 32 zuwa 45 duk suna yi. Siririyar tayar tsere tana bi in ƙasa ta bushe, amma in ta jiƙe nutsewa take. An auna sarƙa aka ga ta miƙe, aka sauya, aka sa sababbin robobin birki, aka ɗaure sifok, aka sa madigadi gaba da baya. Iskar taya na bar ta a 40 a ma'aunin PSI, ni da kayana. Mutane da yawa suna cika taya ta yi tauri kamar dutse suna zaton gudu za ta ƙara, alhali a kan tsakuwa tsalle kawai take, hannu ya mutu, duwawu ya yi tsami. A jakar gyara na sa tub biyu, faci da gam, ƙarafan cire taya, ƙaramin famfo, makullin gyara mai baki da yawa, mahaɗin sarƙa na gaggawa wanda ya dace da giyata, man sarƙa, tsumma da tsohon buroshin haƙori. Kaya duka a jakunkuna biyu a kan kariyar baya, kilo 11. Goyo a baya ban ba da shawara ba, awa biyar a kan sirdi da jaka a kafaɗa azaba ce.

Jirgin da ya kai mu Cumberland, inda muka fara tafiyar, yana tashi daga Pittsburgh wajen ƙarfe 5 na asuba. Mun isa tasha minti 45 kafin lokaci, muka cire jakunkuna da gorunan ruwa da fitilu daga jikin kekunan, domin tsirararsu ake karɓa, kuma jirgi ba ya jiran mai kwance igiya. A ƙarshen Satumba alfijir bai keto ba a wannan lokaci, don haka na yi alwala a tasha, Asuba ta same ni a cikin jirgi. Tafiyar awa huɗu ce da 'yan mintoci. Layin na haɗaka ne da jiragen dakon kaya, saboda haka ranar farko kada a cika mata nisa, a bar sarari ko da an makara. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne bayan gari ya waye, ta taga ana hango hanyar keken can tsallaken kogi, a shimfiɗe lafiya lau.

A Cumberland alamar mil na sifili tana Canal Place, kusa da tsohuwar tashar Western Maryland, tafiyar mintoci kaɗan daga inda jirgi ya sauke mu. A nan GAP ta haɗu da hanyar gefen tsohuwar magudanar ruwa ta C&O mai mil 184.5 da ke zarcewa har Washinton. Mun cika goruna uku-uku, muka sayi burodi da ayaba, muka tashi ƙarfe 11 saura. Mil kaɗan na farko kwalta ce, ta ratsa wata matsatsiyar kwazazzaba da ake kira Narrows, sannan tsakuwa ta fara, hawa kuma ya fara. Hawan nan shi ne abin da kowa ke tsoro, gara in faɗi girmansa. Cumberland tana wajen mita 190 sama da teku, ƙololuwar hanyar kuma mita 729, a tsakanin kilomita 38. Da yake jirgin dakon kaya aka yi wa layin, gangarensa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba ko'ina. Ido ba ya ganin tudun sosai, ƙafa ce ke jinsa, domin babu inda za ka daina taka feda ka huta. Maganinsa giya mai sauƙi da juya ƙafa da sauri. Mun riƙe kilomita 11 zuwa 12 a awa. Wanda ya danna babbar giya tun daga ƙasa, gwiwarsa ce za ta biya a rana ta biyu.

Daga Cumberland zuwa Frostburg hanyar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layin jirgin yawon buɗe ido da har yanzu ke aiki. A wajen mil na 6 akwai ramin Brush, wanda keke da jirgi suke shiga tare, kuma an rubuta gargaɗi kada a shiga in jirgi na ciki ko yana tafe, saboda hayaƙi da ƙara. Inda hanya ta tsallaka ƙarafan layi, a tsallaka su a miƙe, ba a karkace ba, in ba haka ba tayar gaba ta faɗa tsagar ta kayar da mutum. Frostburg tana wajen mil na 16, amma garin yana can bisa tudu, sai an bi wata hanya mai lanƙwasa an hau. Mun ci abincinmu a ƙasa, muka cika ruwa, muka haɗa Azahar da La'asar. Alƙibla daga wannan yanki arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, kuma gara a duba ta a waya tun akwai sabis. Bayan nan sai ramin Borden, sai layin Mason da Dixon a mil na 20 da rabi, iyakar Meriland da Pensilbaniya, an shata shi a ƙasa. Gab da bakin Big Savage akwai wani fili da kurmi ya buɗe, ana hango tsaunuka jere-jere har inda ido ya ƙare. A nan na san tafiyar ta biya kuɗinta.

Cikin ramin akwai fitilu, amma na kunna tawa, na cire baƙin tabarau, na sa riga mai kauri tun a waje, domin jiki ya jiƙe da gumi kuma cikin akwai sanyi da danshi. Mil ɗaya da 'yan kai bayan an fito sai mararrabar ruwa ta gabashin nahiyar, inda hanya ta bi ta ƙarƙashin wata 'yar gada da aka yi wa zane. Ruwan saman da ya sauka a bayanka Tekun Atalantika zai nufa ta kogin Potomac, wanda ya sauka a gabanka kuma sai ya bi kogunan Ohio da Misisifi. Daga nan hawa ya ƙare. Mil takwas na gangara mai laushi, ta kan doguwar gadar Keystone da wata tsohuwar gadar ƙarfe ta Bollman da aka ƙera a 1871, muka shiga Meyersdale a mil na 32, rana na shirin faɗuwa. Hanyar tana saman garin, masaukai da abinci suna ƙasa, wato da safe da hawa za a fara. A ƙananan garuruwan nan wuraren cin abinci suna rufewa da wuri, wasu ba sa buɗewa Litinin ko Talata, kuma naman alade yana shiga abubuwa da yawa, har miya da wake. Kifi, ƙwai, dankali da taliya da tumatir su na riƙe, kuma kullum sai na tambaya da wane mai aka soya. Dabino da gyaɗa da na taho da su daga gida sun rufa asiri fiye da sau ɗaya.

Rana ta biyu, mil 40 zuwa Ohiopyle, ita ce mafi kyau a ido. Ana fita Meyersdale sai gadar Salisbury, tsawonta mita 580, tsayinta kusan mita 30 a kan kwarin kogin Casselman, injinan iska na lantarki suna juyawa a kan tsaunuka. Akwai iska a kanta, a riƙe kan keke da hannu biyu. Wani abu da ya kamata a sani: a taswira daga nan har Pittsburgh gangara ce, amma gangarar ba ta kai ta tura keke ba. Tsakuwa tana cin gudu, iska kuma yawanci daga yamma take busowa, wato a fuska. Kilomita 16 a awa muka riƙa yi, ana takawa ba fashi. Rockwood a mil na 44 tana tsallaken kogi, akwai ruwa da abinci. A wajen mil na 52 akwai gadoji biyu da ramin Pinkerton a tsakaninsu, wanda aka gyara aka buɗe a 2015. Gajere ne, ana hango ƙarshensa, amma tsakiyarsa duhu ne. Sai Confluence, inda ruwa uku suka haɗu, Casselman da Laurel Hill da Youghiogheny, wanda mutanen wurin ke taƙaitawa su ce Yok. Daga nan mil 11 ne cikin gandun dajin jiha na Ohiopyle, rassa sun haɗe a sama kamar rumfa, kogi na ruri a gefe, sabis ɗin waya yana zuwa yana tafiya. Ohiopyle ƙaramin gari ne mai cika da baƙi saboda magangarar ruwansa da masu wasan kwale-kwale, shi ya sa ɗakinsa ne ya fi wuyar samu kuma ya fi tsada, sama da dala 100. Sansanin tanti na gandun yana can kan tsauni, hanyar zuwa gare shi tura keke ake yi. Shahararren gidan nan na Fallingwater da masanin zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya zana yana kusa, amma titin zuwa can na mota ne mai tudu da kwana, kuma sai an sayi tikiti tun da wuri. Ban hau shi da keke ba, ban kuma ba kowa shawarar haka ba.

Da daddare aka yi ruwa, rana ta uku ta koya mini halin farin dutse. In ya bushe ƙura yake, mai laushi kamar gari. In ya jiƙe sai ya zama kunu mai yashi, ya manne a sarƙa da haƙoran giya da birki, yana goge su kamar sanfefa. Na yi kuskuren zuba mai mai kauri da yawa a daren, sai ƙasa ta bi man ta daskare. Kafin mil goma sarƙa ta fara kuka, giya tana tsallake haƙori. Gyaran shi ne: a kwarara ruwan gora a kan sarƙa da ƙananan ƙafafun giyar baya, a goge da buroshi, a tsane da tsumma, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya sau ashirin, sannan a goge duk man da ke waje. Na ciki ne ke aiki, na waje tarkon ƙasa ne. Na yi haka sau biyu a ranar. Na kuma rage iskar taya kaɗan, don ta yi faɗi ta daina yanka ƙasa. Gudu ya sauka zuwa kilomita 12, wanda ke nufin tafiyar awa huɗu ta koma kusan shida, kuma a wannan wata wajen ƙarfe 7 rana ke faɗuwa. Madigadi ne ya hana bayanmu da jakunkuna zama fari fat.

Daga Ohiopyle ana fita ta kan gadoji biyu, ta biyun can sama da kogi, sai mil 17 zuwa Connellsville babu shago, babu famfo. A fita da ruwa cike da abinci a aljihu. A Connellsville, mil na 89, akwai babban kanti kusa da hanya da shagon gyaran keke, da rumfunan kwana na katako kyauta. Daga nan hanyar ta koma kan tsohon layin dogon kamfanin Pittsburgh da Lake Erie, ƙasar kuma ta sauya fuska, ta zama ƙasar kwal. Ana ganin bakunan tsofaffin tandunan gasa kwal a jikin tudu ciyawa ta rufe su, da jerin gidajen ma'aikata iri ɗaya. Kusa da Van Meter akwai alamar tunawa da mahaƙar Darr, inda fashewa ta kashe mutum 239 ranar 19 ga Disamba, 1907, yawancinsu baƙi 'yan ci-rani daga Turai. Na tsaya na karanta, jikina ya yi sanyi. Masu tanti suna da wuraren kwana kyauta a wannan yanki, Roundbottom da Cedar Creek da Dravo, wanda ya riga isa shi ke da wuri. Su tafi da abin toshe kunne, don jiragen kaya suna wucewa tsallaken kogi duk dare, su kuma tanadi ruwan sha daga gari, kada su dogara da na sansani. Mu a West Newton muka kwana, mil na 114. Mai masaukin ta ba mu tiyo, muka wanke kekunan da ruwa mara ƙarfi, ba tare da an auna shi kan gatari ba, don kada ya kori giris.

Kowane dare kafin barci akwai aikin da ba a tsallakewa: duba jiki saboda kaska. Pensilbaniya tana cikin jihohin da cutar Lyme ta fi yawa, kaskar da ke ɗauke da ita kuma ƙanƙanuwa ce kamar ƙwayar riɗi. A duba bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙugu da bayan kunne. In an gan ta, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, ba a murɗa ba, ba a ƙona ba, a wanke wurin, a riƙe ranar. In zazzaɓi ko jan tabo mai faɗaɗa ya biyo baya, a ga likita. A gefen hanya kuma akwai wata ciyawa mai ganye uku-uku da ke sa fata ƙuraje da ƙaiƙayi, don haka shimfiɗar sallah da wurin zama a kan gajeriyar ciyawa da aka yanke ko kan tsakuwa na riƙa yi, ban shiga duhuwa ba.

Rana ta huɗu mil 35 ce. Kusa da Buena Vista akwai wata magangarar ruwa ja wur, ruwan tsohuwar mahaƙa ne mai ƙarfe da tsami, a kalla kawai, kada a taɓa. Daga wajen Boston zuwa gaba tsakuwa ta ƙare, kwalta ta karɓa, sai na ƙara iskar taya. A McKeesport ne kalmar "babu mota" take da togaciya: akwai ɗan yanki da ake bin titin gari ana lura da alamomi, a nan ma na taka kwalba na yi faci na farko kuma na ƙarshe a tafiyar. Kafin sa sabon tub a shafa cikin taya da yatsa a hankali a ciro abin da ya huda, in ba haka ba sabon ma minti biyar zai yi. Bayan an tsallaka kogin Monongahela akwai gadoji biyu da suka haye layin dogo, hawansu gajere ne amma ya fi duk wani tudu na cikin daji tsayuwa, a sauke giya tun kafin a iso. Ana hango masana'antar ƙarfe ta Braddock tana hayaƙi a tsallake, a wuce Homestead inda aka yi artabun yajin aikin ma'aikatan ƙarfe a 1892, a haye gadar Hot Metal, a shiga birni. Mutane sun yi yawa a nan, masu gudu da masu tura jarirai, iyakar gudu a hanyar kuma mil 15 ne a awa. Ana wuce mutum ta hagunsa, bayan an kaɗa ƙararrawa ko an yi magana. Ƙarshen hanya yana Point State Park, wajen babban marmaron da ke inda kogunan Allegheny da Monongahela suka haɗu suka zama kogin Ohio.

Da zan sake, abu uku zan sauya. Zan bar kwana ɗaya a aljihu ba tare da an tsara masa komai ba, saboda ruwan sama. Zan ɗauki robobin birki na ajiya, domin rana ɗaya ta laka ta cinye kusan rabin sababbin da na sa. Kuma zan yi atisaye da kaya a kan keke kwana biyu a jere, kilomita 50 kowace rana, don ba ƙarfin ƙafa ne ke ƙarewa ba, zaman sirdi ne a safiyar rana ta biyu. Game da ɓangaren da za a fara, wanda gwiwarsa ba ta son hawa ya fara daga Pittsburgh: zai yi kwana uku yana hawan da ba ya gani, ya ƙare da gangarar kilomita 38 zuwa Cumberland, sai dai jirgin komowa da yamma yake tashi, ya isa Pittsburgh wajen tsakar dare, don haka ya shirya fitila mai kyau ko wanda zai ɗauke shi daga tasha.